Bindiga, rigar sulke da garkuwa: Abin da doka ta hana wanda kotu ta taɓa hukuntawa

Tun bayan hare-haren da 'yan bindiga suka kai gefen Zariya a shekarar 2021, musamman wanda aka kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yuni, inda aka kashe ɗalibi aka kuma sace ɗalibai da malamai, da wanda ya biyo baya a Cibiyar Kula da Masu Tarin Fuka da Kuturta da ke Saye a watan Yuli, maganar tsaron unguwa ta zama maganar kowa. A Muciya da Cikaji da Hanwa da Samaru, kamar sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, karo-karon kuɗin 'yan sintiri ba baƙon abu ba ne. Ɗan kasuwa ya bayar, ma'aikaci ya bayar, a sayi tocila da usur da takalma, a sallami matasan da ke kwana a waje.

Gardama kan tashi ne idan wani ya ce kayan sun yi kaɗan, a ƙara da bindiga, ko aƙalla rigar sulke da garkuwa. Sai kuma a duba a ga cewa cikin matasan da suka fi iya aikin, waɗanda suka san kowane lungu suka kuma san mai shiga da mai fita, akwai wanda ya taɓa zaman gidan gyaran hali. Shin doka ta yarda a miƙa wa irin wannan mutum waɗannan kaya? Idan shi da kansa ya tara kuɗinsa ya saya domin kare shagonsa fa?

Dokar Najeriya ba ta ɗauki kayan nan uku a matsayin abu ɗaya ba. Ta yi dogon bayani a kan bindiga, ta bi ta bayan gida ta tare rigar sulke, garkuwa kuwa ko ambatonta ba ta yi ba. Kuma a dukkan ukun, wanda ya fi shiga haɗari sau da yawa shi ne mai saye ya bayar, wato ɗan kasuwa ko shugaban kwamitin unguwa da ke ganin taimako yake yi.

Bindiga hawa uku ce

Makamai da harsasai da abubuwan fashewa suna cikin jerin abubuwan da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ba ta da hurumin yin dokar mallakar bindiga, balle kansilolin Sabon Gari. Dokar da ke aiki ita ce Dokar Makamai ta 1959, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka, aka yi mata 'yan gyare-gyare, aka kuma sake jera ta cikin kundin dokokin Tarayya na 2004.

Dokar ta raba bindigogi gida uku. Rukunin farko shi ne na haramtattu, wanda ya ƙunshi igwa da roka da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin soja irin AK-47, har da ƙaramar bindigar hannu, wato fistol, kowace iri ce. Babu mai ba da lasisin waɗannan sai Shugaban Ƙasa. Rukuni na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu da bindigar iska, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, irin adaka ta maharba da ta 'yan bindigar Sarki da ake bugawa a hawan Sallah. A kan waɗannan, dokar ta bai wa Kwamishinan 'Yan Sandan jiha, da amincewar Gwamna, ikon hana riƙe su ba tare da lasisi ba.

Wannan rabo yana da tarihi. A yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a 1890, sun amince a hana shigar da bindigogin zamani mafi yawan nahiyar Afirka, a bar wa mutanen ƙasa tsofaffin bindigogin ƙanƙara da baƙar albarushi. Tunanin da ke cikin dokar 1959 ke nan: abin da ya fi ƙarfi na hukuma ne, abin da ya fi rauni talaka na iya nema.

Abubuwa biyu kan ruɗi mutane a nan. Na ɗaya, bindigar nan da ake jan hannunta baya da gaba ta ɗura harsashi, wadda aka fi sani da fam-akshin, ba ta cikin rukuni na biyu, domin dokar ta cire duk bindigar farauta mai na'urar ɗura kanta daga wannan rukuni, kuma abin da bai shiga na biyu ko na uku ba ya faɗa na farko. Shi ya sa a watan Fabrairun 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai, ya sanya ta a ciki. Na biyu, ƙirar gida ba ta mayar da bindiga ta zama adaka. Fistol ɗin da maƙeri ya ƙera a ƙauye fistol ce a idon doka, tana rukunin farko tare da AK-47.

Shekara biyar, daga yaushe?

A dukkan Dokar Makamai, wuri ɗaya ne aka yi maganar tsohon laifi, wato sashe na 6. Sashen ya lissafa mutum biyar da ba za a ba su lasisi ba: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda raunin ganinsa ya sa bai cancanta ba, da wanda aka sani da shaye-shaye da rashin kamun kai, sai kuma wanda a cikin shekara biyar da suka gabata kotu ta same shi da laifin da ya ƙunshi amfani da ƙarfi ko barazanar amfani da ƙarfi.

Wannan jimla ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta, domin abin da ta faɗa ya sha bamban da abin da mafi yawan mutane ke zato.

Ba ta ce duk wanda ya taɓa zaman kurkuku ba. Nau'in laifin take dubawa, ba tsawon zaman ba. Bisa zahirin lafazinta, jami'in da aka kama da wawure biliyoyin Naira ya yi shekara bakwai a ɗaure bai shiga wannan hani ba, tunda babu duka babu barazana a laifinsa. Amma a ɗauka 'yan kasuwa biyu sun yi cacar baki a kan bashi a Kasuwar Sabon Gari, ɗaya ya mari ɗaya, aka je gaban majistare ya amsa laifi, aka ci shi tarar 'yan dubbai ya biya ya koma shago a ranar. Wannan mutum ya shiga, ko da bai kwana ko ɗaya a tsare ba. Haka wanda aka hukunta da laifin yi wa maƙwabcinsa barazanar kisa. Sashen kuma bai ware wata kotu ba, hukunci kawai ya ambata.

Ba ta kuma san kalmar da ake yawan ji a finafinan Amurka ba, ta mai babban laifi da ake bambanta shi da mai ƙaramin laifi. Dokar laifuka ta Kudancin Najeriya tana da wannan rabo, inda laifin da hukuncinsa ya kai kisa ko ɗaurin shekara uku zuwa sama yake zama babba. Dokar Final Kod da Arewa ke amfani da ita tun 1960, wadda Jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, ba ta bi wannan tsari ba, kuma Dokar Makamai ba ta dogara da shi ba.

Abu mafi ban mamaki shi ne inda ake fara ƙirga shekarun biyar. Daga ranar da aka yanke hukunci ne, ba daga ranar da aka fito ba. Mafi ƙarancin hukuncin fashi, wanda ba a yi da makami ba, shekara 21 ne a ƙarƙashin Dokar Fashi da Makamai ta 1984. Wanda aka ɗaure a kan haka, ranar da zai fito daga gidan gyaran hali na Ƙofar Doka shekara biyar ɗinsa sun daɗe da ƙarewa yana ciki. Wato hanin yana cizon wanda ya yi mari aka ci shi tara, yana kuma sakin wanda laifinsa ya kai a ɗaure shi shekaru masu yawa. Da wuya a ce abin da masu rubuta dokar suka yi nufi ke nan, amma abin da suka rubuta ke nan.

Ingila, wadda daga gare ta muka kwaso tsarin, ta gyara nata tun 1968. A can, wanda aka ɗaure shekara uku ko fiye ba zai sake riƙe bindiga ba har abada, wanda kuma aka ɗaure daga wata uku zuwa ƙasa da shekara uku sai ya jira shekara biyar daga ranar da aka sake shi. A Amurka, inda mallakar bindiga haƙƙi ne a tsarin mulki, dokar tarayya ta 1968 ta hana duk wanda aka samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce shekara ɗaya mallakar bindiga ko harsashi, ko laifin na duka ne ko na zamba. Ita kanta yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta gindaya cewa wanda za a ba lasisi kada ya kasance yana da tarihin laifi, ba tare da ta sa iyakar shekara biyar ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar, amma lafazin sashe na 6 bai kai nata tsauri ba.

Akwai kuma waɗanda sashen bai taɓa su ba sam. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma wanda ya shekara huɗu a tsare aka sallame shi ba tare da hukunci ba, babu laifi a kansa a takarda. Wannan adalci ne. Sai dai haka lamarin yake ga ɗan bindigar daji da ya ajiye makami ta hanyar sulhu, irin wanda Gwamnatin Kaduna ta ƙulla a yankin Birnin Gwari a ƙarshen 2024, matuƙar ba a gurfanar da shi an hukunta shi ba.

Cika sharaɗi ba samun lasisi ba ne

Kada wanda shekarunsa biyar suka wuce ya yi saurin murna. Sashen na 6 ya fara ne da cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne. Hukumar da ke bayarwa na iya hanawa ba tare da ta faɗi dalili ba, tana kuma iya janye wanda ta riga ta bayar. Wanda bai gamsu ba sai ya rubuta koke ga Shugaban Ƙasa, kuma abin da ya yanke shi ne ƙarshe. Kundin Tsarin Mulki ya amince da kare kai da dukiya daga farmaki a sashe na 33, amma bai bai wa kowa haƙƙin ajiye bindiga domin yin hakan ba.

A aikace ma ƙofar a rufe take ga kowa. A watan Yunin 2022, Gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta shelanta cewa mutanen jihar su nemi lasisin bindiga su kare kansu, ta kuma ce za ta raba takardun nema 500 ga kowace daga cikin masarautu 19. Kafin a je ko'ina rundunar 'yan sanda ta amsa cewa ta dakatar da ba da lasisi tun 2013, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce Gwamna ba shi da wannan iko. A watan Agustan 2023, Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada dakatarwar. Idan Gwamna bai iya buɗe ƙofar ba, shugaban kwamitin tsaro na layi a Muciya ba zai iya ba.

Hukuncin kuwa ba wasa ba ne. Dokar Makamai ta tanadi aƙalla ɗaurin shekara 10 ga wanda aka kama da bindigar rukunin farko ba lasisi, da ɗaurin da bai wuce shekara biyar ba ga na rukuni na biyu. Masu gabatar da ƙara kan fi son Dokar Fashi da Makamai, wadda sashenta na 3 ya ce duk wanda ya riƙe bindiga saɓanin Dokar Makamai za a ci shi tarar Naira 20,000 ko a ɗaure shi abin da bai gaza shekara 10 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Tarar ta zama abin dariya a yau, amma alƙali ba dole ne ya zaɓe ta ba, kuma mai tsohon laifi shi ne na ƙarshe da zai sa ran sassauci.

A nan ne mai dukiya ya kamata ya buɗe kunne. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya. Alhajin da ke da tsohon lasisin bindigar farauta, idan ya miƙa ta ga maigadinsa ko ga yaron sintiri ya kwana da ita, shi yaron ya zama mai riƙe bindiga ba lasisi, shi kuma Alhaji ya karya dokar da ta hana miƙa bindiga ga wanda ba shi da izini. Idan aka yi harbi aka rasa rai, sunan da ke jikin lasisin shi za a fara nema. Haka batun gado. Idan mai lasisi ya rasu, doka ta ba magada kwana 14 kacal su riƙe bindigar, bayan nan zamanta a gidan laifi ne sai an miƙa ta ga hukuma. Bindiga ba ta bin rabon gado kamar gona, kuma gidaje da yawa na ajiye da ta marigayi a saman sif ba su san hakan ba.

Rigar sulke: dokar ta yi shiru, Kwastam ba ta yi ba

Ma'anar makami a dokar 1959 ita ce abu mai bututu da ke iya harba harsashi ya yi kisa, da sassansa. Rigar sulke ba ta harba komai, don haka ba ta ciki. Sashe na 6 da shekarunsa biyar bai shafe ta ba, kuma babu tsarin lasisinta a wannan doka, ga mai tsohon laifi ko ga waninsa.

Amurka ta taɓa zama a wannan hali har sai da ta ji jiki. A 1994 wani ɗan bindiga sanye da sulke ya kashe ɗan sanda James Guelff a birnin San Faransisko. A 1997 wasu 'yan fashin banki biyu a arewacin Holiwud suka daɗe suna musayar wuta da 'yan sanda, harsasan ƙananan bindigogi na dukan sulkensu ba sa shiga. A 2002 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta hana wanda aka taɓa samu da babban laifin tashin hankali saye ko mallakar rigar sulke, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara uku. Ta bar masa kafa ɗaya: idan aikinsa na halal yana buƙatar rigar, mai aikin ya rubuta masa shaida tun kafin ya saya, ya kuma sa ta a bakin aiki kawai. Bayan kisan mutum 10 a wani kanti a birnin Bafalo a watan Mayun 2022, inda maigadin kantin ya harbi maharin amma sulke ya tare, Jihar Niyok ta taƙaita sayar da rigar ga masu wasu sana'o'i da aka lissafa.

Najeriya ba ta bi ta kan mutum ba, ta bi ta kan kaya. Rigar sulke da hular kwano ta yaƙi da kakin soja da mota mai sulke da jirgi marar matuƙi duk suna cikin kayan da ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar izini daga Ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, takardar da ke bayyana wanda zai yi amfani da kayan da abin da zai yi da su. Duk abin da ya iso ba ita, Hukumar Kwastam na kama shi. A watan Yulin 2024, bayan ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a tashar jiragen ruwa ta Onne, hukumar ta kuma baje kolin rigunan sulke da jirage marasa matuƙa da sauran kayan soja da ta tare a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas. Ɗan kasuwar da ya saba yin odar kaya daga Sin ko Dubai ta waya, ya ga riga mai araha ya ce a saka masa guda goma cikin kwantena, ya jefa dukkan kayansa cikin matsala. Ana ƙera rigar a cikin gida, har a masana'antar kayan yaƙi ta DICON da ke Kakuri a Kaduna, amma domin hukumomin tsaro ake yi, ba a baje ta a kasuwa.

Sakamakon haka, rigar da ta faɗo hannun farar hula a Zariya ba ta wuce ɗayan biyu: ko an yi fasa-ƙwaurinta, ko ta fito daga rumbun wata hukumar tsaro ta hanyar da ba ta dace ba. Tambayar farko da ɗan sanda zai yi ita ce daga ina, kuma rashin amsa ya isa a fara binciken karɓar kayan sata. Idan rigar mai launin soja ce ko tana ɗauke da tambarin 'yan sanda, an ƙara wani laifin, domin Final Kod ta haramta sanya tufafi ko alamar jami'in gwamnati da nufin a ɗauke ka shi ne. Zariya garin soja ce, ga Difo da ke horar da ƙananan sojoji tun 1924, ga barikin Basawa a cikin Sabon Gari, kuma sanin kowa ne 'yan bindigar daji na shigar kaki. Matashin da aka haska da tocila ƙarfe biyun dare sanye da sulke a Kwangila, kafin a kai ga tambayar sashen doka wani abu na iya faruwa. Idan kuma aka bincika aka ga ya taɓa zaman kaso, bayanin cewa kwamitin unguwa ne ya saya masa ba zai yi nauyi ba.

Ko ta fuskar amfani ma a san abin da ake saye. Riga mai laushi da aka saƙa da zare irin Kevlar tana tare harsashin fistol da ƙwayoyin bindigar farauta, ba ta tare na AK-47, wanda ke fita da gudun kusan mita 700 a daƙiƙa. Wannan sai an saka faranti na ƙarfe ko na tangaran na musamman a ƙirji da baya. Zaren kuma yana raunana da zafi da gumi da daɗewa, shi ya sa masu ƙerawa kan ba da lamunin kimanin shekara biyar. Da yawa daga abin da ake gani a gwanjo jakar riga ce kawai mai aljihuna, babu komai a ciki.

Garkuwa

Ita garkuwa tsohuwar abokiyar Bahaushe ce. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma har gobe 'yan lifida da 'yan sulke na fitowa a hawan Sallah na Zazzau ba mai tambayarsu takarda. Babu inda Dokar Makamai ta hana garkuwar fata, ko ta roba mai kauri irin ta 'yan sandan kwantar da tarzoma, wadda dutse da sanda take tarewa ba harsashi ba. Garkuwar zamani mai tare harsashi kuwa kayan yaƙi ce, hanyar shigowarta ɗaya da ta rigar sulke. Abin da kan mayar da garkuwa laifi shi ne wurin da aka gan ta da abin da ke ɗaya hannun. A taron tarzoma, tare da gora ko adda, shaida ce ta shirin faɗa.

Aikin gadi ya fi lasisi tsauri

Akwai wata doka da ta fi Dokar Makamai matsa wa mai tsohon laifi, wato Dokar Kamfanonin Gadi Masu Zaman Kansu ta 1986, wadda Hukumar Sibil Difens ke kula da aiwatar da ita. Ta hana ma'aikatan waɗannan kamfanoni riƙe bindiga a bakin aiki gaba ɗaya. Ta kuma hana amincewa da wanda aka taɓa samu da laifi ƙarƙashin Final Kod ko Dokar Makamai ko Dokar Fashi, ko wanda aka ɗaure saboda sata ko zamba ko cin amana, kuma ba ta sa wa'adin shekara biyar ba. Ke nan mutum na iya fita daga hanin lasisin bindiga, alhali har yanzu bai cancanci a ɗauke shi gadin ƙofar banki da sanda ba.

Sintirin unguwa ba kamfani ba ne, don haka wannan doka ba ta hau kansa kai tsaye ba. Hanyar da ke da rufin hukuma a jihar nan ita ce Rundunar Sa-kai ta Jihar Kaduna, KADVS, wadda aka kafa da dokar 2016, Gwamna Uba Sani kuma ya ƙara mata matasa 7,000 a 2023 bayan tantancewa da horo a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Ita ma ba ta fita daga Dokar Makamai ba. Kwamitin da ke son tsare kansa sai ya rubuta sunayen yaransa da abin da suke riƙewa ya kai wa DPO na yankin da mai unguwa, ya kuma faɗi gaskiya a kan wanda ya taɓa samun matsala da shari'a tun kafin wani ya tono.

Shi kuma wanda ya gama zamansa ba a rufe masa kowace hanya ba. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta tanadi ba da takardar shaidar kyawun hali ga fursunan da ya gyaru, ta kuma hana nuna masa wariya saboda zaman da ya yi. Sama da wannan akwai afuwa, wadda Shugaban Ƙasa ke yi ƙarƙashin sashe na 175 a kan laifukan Tarayya, Gwamna kuma ƙarƙashin sashe na 212 a kan na jiha. A shari'ar Olu Falae da Olusegun Obasanjo ta 1999, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa cikakkiyar afuwa na shafe laifin da abin da ya biyo bayansa. Sai dai a bambance ta da rage wa'adi ko biya wa fursuna tara a watan azumi, waɗanda ke fitar da mutum daga ɗauri amma hukuncin na nan a rubuce.

A rubuce a ina, nan ma wata magana ce. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta wajabta wa rundunar 'yan sanda ajiye babban kundin masu laifi na ƙasa, a kuma riƙa aika masa da hukuncin kotuna daga jihohi. Amma hukunce-hukuncen ƙananan kotuna da yawa har yanzu a cikin fayil na takarda suke, kuma mutum na iya samun hukunci a Funtuwa da suna ɗaya ya bayyana a Samaru da wani. A 2021 an kafa Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaro, a watan Yunin 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba ta ƙarfi, ciki har da aikin tattara bayanan makaman da ke ƙasar nan. Kundin makamai daban, kundin mutane daban, kuma tantance mai neman lasisi na buƙatar duka biyun. Kafin su haɗu, abin da DPO ke dogaro da shi idan an kawo masa sunan yaro daga Muciya shi ne abin da mai unguwa da limami da maƙwabta suka shaida a kansa.